Za mu je Crater Lake da yara da Hajiya, wa ya taɓa zuwa?

Uwar Uku:
Assalamu alaikum. Maigida ya dage hutun nan sai mun je Crater Lake, tafkin nan na jihar Oregon a Amurka da ke cikin ramin dutse mai aman wuta. Autanmu shekararsa huɗu, ga surukata da ciwon gwiwa. Anya Hajiya za ta iya? Sannan ni dai tun da na ji labarin tafkin Nyos na Kamaru da ya hallaka mutane nake shakkar irin waɗannan tafkuna.

Abban Yara:
Wa alaikumus salam. Mun je a watan Yuli, amma sai da muka tarar da ƙanƙara jibge a gefen titi, don haka ki ɗauki rigunan sanyi. Ruwan kuwa, 'yata tana leƙawa ta ce, "Abba, shuni suka zuba?" Babu kogin da ke shiga ko fita, ruwan sama ne da narkakkiyar ƙanƙara kawai, ga zurfin mita 594.

Hajiya za ta sha kallo ba tare da ta wahala ba. Titi ya zagaye bakin ramin, kilomita 53, da wuraren tsayawa. Amma kada ku sauka da ita. Lokacin da muka je, hanya ɗaya ce tal ke kaiwa bakin ruwa, Cleetwood Cove, gangaren sama da mita 200. Sauka kamar wasa. Wajen hawowa na saɓa yarona a wuya, ina haki ina neman dutsen zama, shi kuwa gogan yana kaɗa ƙafa yana cewa in yi sauri. Duk wannan wahalar, yatsa kawai ya tsoma a ruwan ya ja da baya don sanyi.

Malamar Kimiyya:
'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Abin da ya faru a Nyos na Kamaru a 1986, iskar kabon dayoksaid ce ta taru a ƙasan tafkin, ta fashe dare ɗaya, ta shaƙe mutum sama da 1,700. Tafkuna uku aka sani da wannan hali: Nyos, Monoun da Kivu. Naku ba ya ciki. Dutsen Mazama, wanda tafkin ke cikin raminsa, ya rufta ne kimanin shekara 7,700 da suka wuce. Ni gaɓar ramin ce abin tsorona, ba ko'ina ne da shinge ba. Kada ki saki hannun auta.

Uwar Uku:
Na gode, Allah ya saka. Na karanta wa Hajiya, ta ce ita dama ba wanka za ta je ba, a ba ta kujerar gefen taga. Maigida ne har yanzu yake cewa sai ya sauka.

Abban Yara:
Ki bar shi ya sauka, amma auta a wuyansa.