Tiyatar jijiyar gumin hammata: wa ya taɓa yi a cikinmu?

Malamar makaranta, Nima (unguwa a Accra): Assalamu alaikum. Shekara 9 ke nan ina fama da gumin hammata da wari, har ta kai ba na iya riƙe ƙarfen sama a trotro (bas ɗin haya), kuma duk rigar da ba baƙa ba na daina sawa. Na gwada alimun da lemon tsami, ban ga wani sauƙi ba. Wani likita ya ambata mini tiyatar yanke jijiya, shi ya sa nake roƙon wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiyar abin da ya gani.

Tela, Madina (ta Accra): Wa alaikumus salam, Malama. An yi mini lokacin da nake zaune a Jamus. Ana sa mutum barci, a huda tsakanin haƙarƙari, a saki iskar huhu, sannan a shiga da kyamara a datse jijiyar da ke bin gefen ƙashin baya. Na farka hannuna da hammatata a bushe, na yi murna, amma kafin wata 2 gumin ya koma bayana da cikina da cinyoyina. A sanyin can ban damu sosai ba, sai da na dawo Accra na gane kurena, domin yanzu idan na tashi daga kan keken ɗinki sai an ga shatar wandona a jiƙe a kan kujera. Jijiyar da aka yanke kuwa ba a iya mayar da ita yadda take. Daga baya ma na ji cewa ƙasar Suwidin ta dakatar da aikin tun 2003.

Ma'aikaciyar jinya, Maamobi: Yaya, ki raba matsalar gida biyu. Warin yana tasowa ne idan ƙwayoyin bakteriya suka ci wani gumi mai maiƙo da hammata ke fitarwa, don haka yanke jijiya ba lallai ya kawar da shi ba, kuma aikin ya fi yi wa masu gumin tafin hannu amfani. Ni allurar Botox aka yi mini, takan riƙe ni kusan wata 6, sai dai akwai tsada. Kafin ita na yi amfani da maganin shafawa mai sinadarin alminiyom, da dare, a busasshiyar fata.

Malamar makaranta, Nima: Na gode. Ashe ma da safe nake shafa nawa, ina fitowa daga wanka. Zan gyara, sannan in nemi likitan fata.