Kwamfuta ɗaya, yara 64: ya zan yi?

Malamar JSS 2:
Assalamu alaikum malamai. Wani tsohon ɗalibin makarantarmu ya kawo mana laptop guda ɗaya, shugaban makaranta kuma ya damƙa mini ita tunda ni ke koyar da kwamfuta. Yarana 64, darasi minti 40, sau biyu a mako. Ranar da na fara buɗe ta kamar an watsa wa kaji tsaba: maza shida suka mamaye tebur, 'yan mata na can baya suna miƙa wuya, har ƙafar benci ta karye. Batirin ba ya wuce awa ɗaya da rabi, wutar NEPA kuwa sai addu'a. Tun ranar tana kulle a kabad, na koma zane a allo, kuma raina bai so ba. Ku taimaka da shawara.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam Malama. Ki daina tunanin kowa zai taɓa ta a darasi ɗaya, in kin raba minti 40 ga yara 64 ko daƙiƙa 40 ɗaya ba zai samu ba. Ki kasa su huɗu-huɗu, rukuni 16 ke nan. Kowane darasi rukuni biyu su zauna, minti 15 kowanne, cikin mako huɗu kin zagaye ajin. Sauran su zana madannai a kwalin indomi, ki riƙa kiran harafi suna dannawa. Ki manna jadawalin a bango don kada a ce kin yi son kai. 'Yan matan kuma rukuninsu daban, in ba haka ba sai dai su yi kallo.

Mai Gyaran Waya:
Hajiya, in akwai talabijin mai ramin HDMI a ofis, wato ramin da ake haɗa kwamfuta da shi, igiyar haɗi ɗaya za ki saya duk aji su gani. Ki sa a ɗora miki manhajar Kiwix a laptop ɗin, ana karanta Wikipedia da shi ba tare da data ba, har ta Hausa. Amma don Allah kada malamai su riƙa soka mata filashi suna kwafar fim, nan cutar kwamfuta (virus) ke shiga.

Anti Mai Lissafi:
Ni ban ƙi talabijin ba, amma kallo ba ya koyar da hannu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Ƙanwata ta san amsoshinta sarai, amma ta ɓata lokaci tana kokawa da linzamin kwamfuta (mouse), hannunta na rawa. Ki fara da wannan: riƙe linzami, danna A, B, C, D, sai N don tambaya ta gaba, P don komawa baya. Kowa kuma ya rubuta cikakken sunansa da hannunsa.

Malamar JSS 2:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Talabijin ɗinmu irin mai ƙeyar nan ce, ba HDMI. Baba, jadawalin na rubuta, rukunin 'yan mata ne za su fara ran Litinin. Caji kuma maigidana ya ce in riƙa kai ta shagonsa, akwai sola. Saura in shawo kan shugaba ya bar ni in riƙa tafiya da ita gida.