Wai ɓuntun shinkafa shara ne?

Ɗan Kura: Jama'a, raina a ɓace yake. Yau ma an cinna wa tsibin ɓuntu wuta a bayan injin casa na unguwarmu, hayaƙi har ɗakin kwana, yara sai tari. Alhali masana sun gano a zuba wannan shara a tukunya, a rage mata iska, a buga mata maikirowef (irin na na'urar ɗumama abinci) zafi ya kai digiri 800, sai ta ba da gas mai haidurojin da kabon monoksaid, a tada janareta da shi. Mu kam sai ƙonawa!

Baban Ummi: Shara? Je ka tambayi mata masu turara shinkafa da me suke hura wuta. Masu kiwon kaji ma da kuɗi suke saye su shimfiɗa.

Arɗo: Gobe kuma a ce karan dawa shara ne. Shanu su ci me da rani?

Ɗan Kura: Arɗo, wa ya ambaci kara?

Arɗo: Ai da haka ake farawa.

Injiniya: Ku saurara. Busasshen ɓuntu ba ya shan maikirowef sosai, sai an cakuɗa shi da gawayi, shi ne ke ɗaukar zafin. Kuma gas ɗin na zuwa da kwalta mai toshe inji. Ita na'urar da wace wutar za ka kunna ta? A jihar Bihar ta Indiya tun 2007 aka fara ba ƙauyuka lantarki da ɓuntu, babu wani maikirowef.

Baban Ummi: Malam Injiniya, mu dai kalmar shara muke so ya janye.

Ɗan Argungu: Bakano ne zai koya mana abin shinkafa? Ku da kuke zuwa Kebbi sayen shanshera?

Ɗan Kura: Gonakin shinkafarmu na Kadawa fa? Ruwan dam ɗin Tiga ya noma taku?

Hajiya Babba: Ku yara, ba wanda ya yi wa yaran bawan Allah nan sannu da tari.

Baban Ummi: To, a taƙaice: kowa ya yarda ɓuntu dukiya ne, Injiniya ya tabbatar maikirowef ba zai yi aiki ba, Ɗan Kura kuma ya sha ƙasa. Mai son buhu ya same ni a gefe.

Injiniya: Ni ban ce haka ba.