Wa ya taɓa atisaye da takobi ko sanda?

Dogo_Karate: Slm 'yan uwa. Na ɗan jima ina karate, yanzu ina son shiga harkar makami, amma malaminmu ya ce sai dai sanda tukuna, wai takobi ba yanzu ba. Haka ake yi ko dai yana ja min rai ne?

Baban Ummi: Malaminka na da gaskiya ƙanena. Ko a Japan masu kendo, wato wasan takobinsu, ba da ƙarfe suke dukan juna ba, shinai suke riƙewa, gora ce tsagi 4 aka ɗaure, kuma duk da hular kariya da safar hannu in aka sauke maka ita a wuyan hannu wlh sai ka ji har ƙwaƙwalwa. Masu iaido ma, wato fasahar zare takobi, da dakusasshen takobi suke farawa.

Sarkin_Gora: Sandar atisaye da ake kira bo, ta tsibirin Okinawa na Japan, kusan santimita 180 ce, kafaɗa take ci sosai, tafin hannu kuma duk ya yi kanta. Ni matsalata ƙafa, hannu ya tafi ƙafa tana baya.

Dogo_Karate: To 'yan tauri fa, ai su da wuƙa tsirara suke wasa lol

Baban Ummi: Wannan layi daban ne, kai dai nemo sandarka ranar Asabar.