A nan aka haife ni amma sun ce mu baƙi ne, to ni ɗan ina ne?

Ɗan Autan Inna:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin doka ku fitar da ni duhu. Zan cike fom ɗin aikin gwamnatin tarayya aka ce sai da takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma, na je sakatariya suka hana ni wai mu baƙi ne, alhali a garin nan aka haife ni, nan aka haifi babana, kakana ne ya zo daga wajen Katsina tun zamanin Turawa yana fataucin shanu. Katin zaɓena na nan ne, haraji nan muke biya. To wai ni ba ɗan ƙasa ba ne ko yaya abin yake?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Ɗan ƙasa kam kai ne, babu mai ƙwace maka wannan. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, in dai ɗaya cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne to shi ma haka, kai ko a Makka aka haife ka in uwarka ko ubanka ɗan Najeriya ne magana ta ƙare. Inda gizo ke saƙar shi ne kundin da kansa ya yi tufka da warwara, sashe na 42 ya hana a nuna maka bambanci saboda inda ka fito, amma sashe na 14 ya kawo rabon muƙamai tsakanin jihohi, na 147 ya ce kowace jiha a ba ta minista ɗan asalinta, sannan can a sashe na 318 aka ɗaura zamanka ɗan jiha a kan al'ummar da iyayenka ko kakanninka suka fito. Ka ga jini ake bi kenan, ba daɗewa a gari ba, shi ya sa a ƙananan hukumomi 774 kowane ciyaman da yadda yake yi.

Mai Shayin Bakin Tasha:
Ƙanina kar ka tsaya jayayya lokacin fom ya wuce ka. Ka ɗauki wani baffanka ku tafi garin kakanka, mai unguwa ya shaide ku, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, sai sakatariya. Ka tafi da hotunan fasfo. Kuma wlh kar ka yarda da masu cewa ka kawo kuɗi su haɗa maka a shago, ranar tantancewa ake jin kunya.

Maman Hanifa:
Hmm ku maza ma da sauƙi. Mace in ta yi aure a wata jiha, can su ce ta koma garin ubanta, gida su ce ai ta zama ta wasu. Ƙanwata mijinta mutumin Maraɗi ne, da shi ne ɗan Najeriya ita 'yar Nijar da rajista kawai za ta yi a ƙarƙashin sashe na 26, amma shi sai ya bi sashe na 27, zaman shekara 15 da sauran sharuɗɗa. Ina adalci a nan fisabilillahi?

Baban Ummi:
Gaskiyarki Hajiya. Kuma wannan rigima ta ɗan gari da baƙo tana cikin abin da ya hura wutar Jos a 2001 da 2008, ba ƙaramar magana ba ce. Abin dariyar ma, sharuɗɗan takarar gwamna babu batun asali a ciki, ɗan ƙasa ta haihuwa, shekara 35, jam'iyya, karatun sakandare, shikenan. A takarda za ka iya mulkin jihar da ta hana ka shaida.

Ɗan Autan Inna:
Na gode yayyena, Allah ya saka. Matsalar dai baffan da ya san gidanmu na can ya rasu bara, sai wata gwaggo da ba ta iya tafiya. In na je da wasiƙarta mai unguwa zai karɓa kuwa?