Wace kyauta za a saya wa yaro mai son kodin da haɗa robot?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yaro ne ɗan shekara 11, ya saba da Scratch, manhajar koya wa yara kodin ta jan tubala, yanzu kuma ba shi da zance sai robot. Ana so a yi masa kyautar sauka. Akwai tsohuwar laftof a gida. Waɗanda suka taɓa saye ko koyarwa, me ya dace?

Malamin Ajin Kwamfuta: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka. Tunda ya iya Scratch, a saya masa micro:bit V2. Ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, da ƙananan fitilu 25, maɓallai biyu, lasifika, makirufo, da na'urar da ke gane motsi in an girgiza shi. A manhajar MakeCode ake ba shi umarni, kuma jan tubala ne kamar na Scratch, saboda haka ranar farko zai sa sunansa ya yi ta gudu a kan fitilun. Kada a sayi allon shi kaɗai. A haɗa da kebul na micro USB, gidan batir mai cin AAA biyu, da wayoyi masu bakin kada kamar guda goma. In da hali a sayi biyu, don suna aika wa juna saƙo ta rediyo ba tare da intanet ba, shi da ƙaninsa sai su yi ta wasa daga ɗaki zuwa tsakar gida.

Mai Gyaran Waya: Ƙari a kan maganar Malam: kebul ɗin nan shi ne ke fara ba da matsala. Wasu masu arha na caji ne kawai, babu wayoyin data a ciki. Allon zai kawo wuta amma kwamfuta ba za ta gan shi ba, sai a ce an sayar muku da jabu. A gwada kebul da wayar hannu tukuna. In ya tura hoto zuwa laftof, to zai yi.

Injiniya: Hajiya, yaron robot ya ce, wato abin da ke tafiya. micro:bit ba ya iya juya moto da kansa, sai an ƙara masa allon tuƙa moto ko an sayi motarsa daban. Idan akwai babba da zai zauna da shi, ni Arduino Uno zan ce, shi ma ɗan allo ne da ake ba umarni daga kwamfuta, amma a bi shi daki-daki.

A fara da kit na masu koyo: allon ramuka, wayoyin haɗi, fitilun LED, rizista masu rage wuta, maɓallai, ɗan moton sabo SG90 mai juyawa zuwa kusurwar da aka ce masa, da sensar nisa HC-SR04, mai kama da idanu biyu. Kowace LED sai da rizista 220 ohm, doguwar ƙafarta kuma ita ce ta bangaren wuta. Ƙafar Arduino ɗaya, wato ramin da ake soka waya, kimanin 20mA aka yarda ta bayar, don haka duk wanda ya jona moto kai tsaye a kanta zai iya ƙona ta. Yawancin allunan da ke kasuwa kwafi ne masu ɗan cip CH340 da ke haɗa su da kwamfuta, suna aiki lafiya, sai dai wani lokaci sai an saka wa kwamfuta direbansu kafin ta gane su. Kebul ɗinsu kuma yawanci irin na firinta ne.

Bayan wata ɗaya ko biyu sai a zo kan mota: faranti mai taya biyu, moto biyu masu launin ɗorawa, da allon tuƙa moto L298N. A nan ne kowa ke faɗuwa, kuma dalilin kusan ɗaya ne: batir. Batir 9V mai kusurwa huɗu ba ya da ƙarfin ja. Da an ɗaga motar sama tayoyi za su juya, da an ajiye ta ƙasa sai ta tsaya, ko Arduino ya riƙa mutuwa yana tashi. Shi kansa L298N yana cinye wajen 2V kafin wuta ta kai ga moto, shi ya sa AA huɗu ma da kyar suke ja. Abin da ke aiki shi ne batir mai caji 18650 guda biyu a jere, 7.4V. Sannan dole a haɗa GND na Arduino, wato ɓangaren nagatif, da GND na L298N. In an manta, komai zai kawo wuta amma ba abin da zai motsa. In taya ɗaya tana juyawa baya, ba sai an taɓa kod ba, a musanya wayoyinta biyu kawai.

Mai Gyaran Waya: Ranka ya daɗe Injiniya, a yi hattara da 18650 ɗin. Duk wanda aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce, yawancin na gaske ba sa wuce wajen 3500mAh. Wanda ledarsa ta yage kuma kada a ba yaro, don in ya haɗu da ƙarfe zai yi zafi har ya kama wuta. Cajinsa aikin manya ne, da cajarsa ta musamman.

Malamin Ajin Kwamfuta: Gaskiya ne Injiniya, amma kod ɗin Arduino rubutu ne da Turanci, alama ɗaya in ta ɓace komai ya tsaya. Ɗan shekara 11 da ba mai duba masa zai iya gajiya. Tsaka-tsakin shi ne motar robot ta mBot: sukurudireba kawai ake buƙata, wayoyinsa na sokawa ne ba a juya su, yana bin baƙin layi, yana kauce wa bango, manhajarsa ta mBlock kuma daga Scratch aka samo shi. Ya fi tsada dai. Kit ɗin robot na LEGO Mindstorms kuwa an daina yin sa tun ƙarshen 2022, sai na hannu, kuma sau da yawa ɓangarori sun ɓace.

Anti Malama: Ga masu ƙananan yara da ke karantawa: ɗan shekara 5 zuwa 7 ScratchJr, wato Scratch na ƙanana, ya ishe shi a kan tablet, kyauta ne. Kuma Maman Khalifa, in akwai mai rarrafe a gidan, a haɗa da akwatin roba mai murfi da ɗakuna-ɗakuna. Rizista da LED ƙanana ne, baki suke tafiya, ga ƙurar hunturu da ke cika ramukan allo.

Injiniya: Wani abu game da wuta: Arduino da micro:bit duk suna aiki da fawa bank in an ɗauke. Sai dai wasu fawa bank ɗin suna kashe kansu bayan 'yan daƙiƙu saboda allon ba ya jan wuta sosai, ba lalacewa ya yi ba. A kuma sa ƙaramar mitar auna wuta a cikin kyautar, ya koyi auna batir kafin ya zargi kod.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Za mu fara da micro:bit biyu, motar kuma sai babbar sallah in kawunsa ya samu lokacin zama da shi. Malam, MakeCode ɗin yana yi ba data?

Malamin Ajin Kwamfuta: Yana yi Hajiya. Akwai manhajarsa da ake saukewa a laftof sau ɗaya, daga nan ba ruwansa da intanet.