Bahaushiya za ta iya cin kansila a Agege?

'Yar Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. A nan Agege ta Legas aka haife ni, Yarbanci a bakina kamar Hausa. Shekara tara ke nan ina tara wa jam'iyya mata a mazaɓarmu: ni ce rabon atamfa, ni ce shatar danfo ranar kamfen, ni ce tsayuwa cikin rana har a gama ƙirga ƙuri'a. In miji ya saki mace ya hana kuɗin abincin yara, ƙofata ake bugawa. Sai na ce zan nemi kansila a zaɓe mai zuwa. Shugaban mazaɓa ya kwashe da dariya, wai "Hajiya, ke da kike shugabar mata, me kuma kike nema?" Maigidana bai hana ba, amma Yaya ya bugo waya daga Kano wai zan zubar musu da mutunci. In ci gaba ko in haƙura?

Gwaggo, Idi-Araba:
Ci gaba 'yata. Shugabar mata kujerar guɗa da tafi ce, na zauna a kanta har gwiwata ta gaji. Ki tambayi Yayan naki ko ya san Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Tana yarinya ta shiga jam'iyyar NEPU, aka yi ta ɗaure ta saboda ta ce mace ma ta yi zaɓe. Matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai 1976. Mutuncin wa ta zubar?

Mai Albasa, Mile 12:
Hajiya, ni ba zan zuga ki ba. Gaskiya ne Legas ta saba da mata a mulki. Tun 1992 Sinatu Ojikutu ta zama mataimakiyar gwamna, Idiat Adebule ta riƙe kujerar daga 2015 zuwa 2019, kuma a 2023 ta ci sanatar Legas ta Yamma, wadda Agege ke ciki. Amma ki tuna Mojisola Meranda: Janairun 2025 ta zama mace ta farko kakakin majalisar jiha, kafin tsakiyar Maris ta sauka, Obasa na Agegenku, wanda ta gada, ya koma kujerarsa. Tikiti a falon manya ake raba shi, kuma ƙuri'a suke lissafi, ba yawan atamfa ba. To matan nan naki, katin zaɓensu na ina ne? Mutanenmu da yawa nan suke kwana, amma rumfarsu tana Sakkwato ko Katsina.

'Yar Agege:
Kash, Alhaji ka taɓa inda ke min ciwo. Jiya wajen zubin adashi na ce kowa ta fito da katinta. Wata na Funtuwa, wata na Gusau, wata ma ta ce yana cikin akwatin uwar mijinta a ƙauye. Da INEC ta buɗe rajista, ni zan ɗauki shatar danfo in kai su a sauya musu rumfa. Gwaggo, ki taya ni da addu'a, Yaya kam sai na je Sallah.